Sababbin Tayoyi a Baya: Shekara Bakwai Bayan Bukar Mai Taya

Daminar bana ta cika shekara bakwai cif da muka raka Alhaji Bukar Mai Taya makwancinsa. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa a wannan shafi, amma duk shekara sai in ɗauki biro in ajiye. Ba rashin abin faɗa ba ne. Wanda ya yi shekara talatin yana sa hannu a kwano ɗaya da mutum ba ya rasa labarinsa. Abin da ya riƙe mini hannu wata magana ce da na ɓoye masa har ya bar duniya, kuma na san yabona ba zai yi armashi ba in ban fara tona kaina ba. To bana ɗana ya tashi zai maimaita kuskuren da na yi, da matarsa da 'yarsa a cikin mota, sai ɓoyo ya ƙare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san shi ba, Bukar ɗan Fagge ne, nan aka binne cibiyarsa, ko da yake kakansa fatauci ne ya kawo shi daga Barno ya zauna. Shagonsa yana wani layi a Sabon Gari, ba nisa da kasuwa, a tsakiyar masu sayar da kayan gyaran mota. Ni kuwa Bafulatani ne, malamin makaranta a Fagge, ina hedimasta na yi ritaya. Kun dai san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ban taɓa shiga shagon nan ya bar ni na zauna lafiya ba. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya ce a ɓoye ƙwaryar nono, bawansa ya shigo gari. Ni kuma in ce ubangida ne ya zo duba dukiyarsa. Daga nan ya jawo mini benci, ya tsiyaya mini shayi daga wani tsohon fulas da ya ƙi canzawa, mu shiga hirar duniya har la'asar.

A kan bencin nan na ga yadda yake sana'arsa, kuma ban ga mai yin irinta ba. Bukar ba ya sayar wa mutum taya in bai ga motar ba. Ka zo da kuɗi a hannu, ka karanto masa lambar taya daga takarda, tambayarsa ɗaya ce: "Ina motar?" In an kawo ta, sai ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya shafa tsofaffin tayoyin da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Daga nan zai gaya maka halinka. In tsakiyar taya ce ta cinye, ka cika ɗura mata iska. In gefe da gefe ne, kana yawo da ita ba isasshiyar iska. In gefe ɗaya ne kawai, ƙafar motar ce ta kauce, ka je a yi mata saiti tukuna, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta ƙare. Sannan ya shiga tambaya: wace hanya kake bi, wa kake ɗauka, kana tafiya da damina, kana gudu? Masu sauri sukan yi tsaki su wuce shago na gaba. Maƙwabcinsa Chidi, ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan birki, wanda aka haifa a Sabon Gari kuma Hausarsa ta fi tawa, yakan leƙo ya ce, "Alhaji, wai kai likita ne ko ɗan kasuwa? Ga kuɗi can na tafiya da ƙafarsu." Bukar ya yi dariya ya ce za su dawo. Da yawansu kuwa sun dawo, bayan sun ga abin da ya ishe su.

Karatunsa bai wuce na allo da 'yan shekarun firamare ba, amma a kan taya ni ne ɗalibi. Shi ya fara nuna mini cewa mota, komai ƙarfin injinta, komai tsadarta, wuri huɗu kawai take taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Birki da sitiyari da totur duk umarni suke bayarwa, taya ce ke aikatawa. Shi ya koya mini cewa roba mai laushi ta fi kama kwalta, ta fi yi wa sitiyari biyayya a kwana, amma tana saurin cinyewa. Mai tauri kuwa tana daɗewa, sai dai ranar ruwa ba ta da amana. Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin 'yar da'ira a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, don roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Ya nuna mini harafin da ke faɗin iyakar gudun da za ta iya jurewa. Tayoyin gwanjo kuwa da ake kawowa daga ƙasashen sanyi, masu zurfin zane da ke ruɗin ido, yakan ce da yawansu don ƙanƙara aka yi su, kwaltar Kano da azahar a lokacin bazara ba sa'arsu ba ce.

Kada wani ya ɗauka mai tsada yake tura wa mutane. Na ga ya hana wani Alhaji sayen tayar masu gudu, ya ce masa kai da iyakarka daga Kwaciri zuwa Singa a cikin cunkoso, me za ka yi da tayar da za ta cinye ba ka more ta ba? Ya ba shi matsakaiciya, ya rage wa kansa riba. Na kuma ga ya ƙi sayar wa wani matashi mai ƙaƙƙarfar mota taya mai sauƙin kuɗi, ya ce injin nan ya fi ƙarfinta, araha ba ta ado. A wurinsa tayar da ta ci kuɗinta ita ce wadda ta dace da motarka da hanyarka da nauyin ƙafarka.

Amma ƙa'idar da ta fi jawo masa musu ita ce wannan: in ƙarfinka taya biyu ne kawai, sababbin a baya za a ɗaura su. Kusan kowa akasin haka yake yi. Kowane direba zai ce maka gaba ke da sitiyari, gaba ke da nauyin inji, don haka gaba ta fi cancanta. Bukar yakan ce in gaba ta zame a ruwa, hannunka zai gaya maka, ka ɗaga ƙafa daga totur mota ta dawo hanya. In baya ta zame, babu mai gaya maka, sai dai ka ga kana kallon inda ka fito. Wanda ya ƙi yarda, Bukar ba ya ɗaura masa. Yakan ce ya ɗauki tayoyinsa ya kai wa wani, amma ba da hannunsa ba.

Yanzu ga tawa. Shekara biyar kafin rasuwarsa aka biya ni kuɗin sallama, na cika burin da na daɗe da shi, na sayi wata mota 'yar Jamus, ta hannu ce amma da sauran ƙarfinta. In ka taɓa totur sai ka ji ta manna ka da kujera. Tayoyinta huɗu duk sun ji jiki. Na kai wa Bukar, ya tsuguna, ya shafa, ya zaɓi biyu masu dama-dama ya ce a bar su, ya kawo mini sababbi biyu na ƙwarai, irin masu 'yar kibiya a gefe. Ya ce zanen irin wannan taya ta fuska ɗaya yake korar ruwa, don haka in kibiyar ta zagayo sama dole ta kalli gaba, inda mota ta dosa. Ya ɗaura su a baya da hannunsa. Na yi musu, na kawo masa hujjoji har da Turanci. Ya ce, "Hedimasta, a aji kai ne malam. A nan kuwa ka yi shiru, kai da ka saba da kofaton saniya." Layin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ban kai gida ba sai da na tsaya wajen wani mai faci a bakin titi, na ce ya mayar mini da sababbin gaba, tsofaffin baya. Har yaba mini ya yi, ya ce haka masu hankali ke yi. Na shiga mota ina hura hanci. Ni da takardun bokona, na ce a raina, ba Babarbare ne zai koya mini inda ake sa taya ba.

Mako uku bayan haka muka tafi wani biki ta hanyar Wudil, ni da maiɗakina Hajiya Ladi. A hanyar dawowa, da la'asar sakaliya, ruwa ya sauko. Ba wani gudun hauka nake yi ba, amma ban rage yadda ya kamata ba, don na ji gaba ta kama titi daram, sitiyari na yi mini biyayya. Muka shiga wata faffaɗar kwana da ruwa ya kwanta a kanta. Ban ji komai a hannuna ba. Kawai sai na ga bishiyoyi na wucewa ta inda bai kamata ba, na ji Ladi na salati, kafin in ankara muna kallon inda muka fito, daidai yadda Bukar ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Motar ta sake juyawa, ta gangara cikin wata gonar dawa, ta tsaya a taɓo. Ko numfashi ban gama saukewa ba wata babbar mota ta wuce ta daidai wurin da muka juya. Allah ya yi da sauran shan ruwanmu a gaba. Ladi ta karye a wuyan hannu, ni ko ƙwarzane ban yi ba, kuma da za a ba ni zaɓi da na gwammace a ce ni na karye.

Manoma suka taimaka aka turo motar kan titi, na lallaɓo gida, aka yi wa Ladi ɗori. Abin da na yi washegari shi ne abin kunyar. Na san Bukar zai zo dubiya, na kuma san idonsa ba ya wuce taya. Da sassafe na sulale wajen wani mai faci daban, na ce ya mayar da sababbin baya, kuma ya yi sauri. Da hantsi sai ga Bukar da ledar lemo da ayaba. Ya duba Ladi, ya yi addu'a, muka fito ƙofar gida. Ya tsaya a jikin motar, ya tattare riga, ya tsuguna a baya. Ya daɗe a tsugune. Ya zagaya ɗaya gefen, ya sake tsugunawa. Na tsaya a gefe kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Can ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi da aka tsira da rai. Gobe ka kawo ta shago in duba." Na kai ta, ya ce in je in yi azahar, kafin in dawo ya gama abin da zai yi, bai karɓi ko kwabo ba.

Tun daga ranar nake ɗauke da abu guda a zuciya. Na bar aminina, a zatona, yana ganin ƙa'idarsa ce ta ci amanarsa, ya ɗaura sababbi a baya amma duk da haka mota ta juya da matata a ciki. Na jefa masa shakka a kan abin da ya fi sani a duniya, don kawai kada a yi mini dariya a layin masu taya. Sau da yawa na buɗe baki a kan bencin nan zan faɗa, sai ya jefo wani wasa, in bi shi da dariya, in ce sai gobe. Goben ba ta zo ba har ciwon kwana uku ya ɗauke shi. Na tsaya a sahun gaba a jana'izarsa ina hawaye, mutane na cewa Allah sarki aminci, ba su san rabin kukan na kunya ba ne.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo Sabon Gari yau, me zai ce? Na san zai yi tsaki in ya ga matasa na sayen taya ta waya, daga hoto, ba mai shafawa, ba mai tambayar hanya. Zai riƙe baki in ya ga yayin da ake yi na manyan wili masu ƙyalli da siraran tayoyi a jikinsu. Irin waɗannan suna da daɗin sarrafawa a shimfiɗaɗɗen titi, shi ma ba zai musa ba, amma rami ɗaya ya isa ya kumbura gefen tayar ya lanƙwasa ƙarfen. Zai yi faɗa da masu wasa da mota a wajen biki suna ƙona roba har hayaƙi ya tashi, zai ce gumin iyayensu suke gogewa a kwalta. Tsadar taya kuwa, wadda ta sa masu rufin asiri ma suka koma gwanjo, ina jin ita za ta fi sosa masa rai, don ya san ba wauta ke kai mutane can ba, babu ce.

Amma ba na jin zai koma da baƙin ciki. Kwanaki na ga wani direban haya, wanda ba na zaton ya taɓa zama a aji, ya tsuguna yana laluben lambobi huɗun nan a gefen taya kafin ya fara ciniki. A zamanin Bukar shi kaɗai ke wannan a layinsu, har ana ce masa mai ƙaƙale. Yanzu mai saye ne ke tambaya, mai sayarwa na kame-kame. Na ji matasa a majalisa suna musu a kan wace taya ta fi tsayawa a ruwa, ba wace ta fi kyau a hoto ba. Wayar nan da nake zargi, ita ce kuma ta koya musu. Abin da zai fi faranta masa rai kuwa shi ne shagonsa bai rufe ba.

'Yarsa ta fari, Falmata, ita ta riƙe shi. Bayan sadakar arba'in 'yan'uwa suka ce a sayar, wai ina aka taɓa ganin mace a layin taya. Ta ce a ba ta shekara ɗaya. Chidi ya tsaya mata, ya ce duk wanda ya taɓa ta shi ya taɓa. Ashe duk shekarun da take kawo wa ubanta abinci ta zauna a gefe, kwasa take yi ba wanda ya lura. Yau in ka je za ka same ta da hijabinta da ma'aunin iska a hannu, da ma'aikata uku, da na'urar saiti da Bukar bai taɓa mallaka ba. Tambayar farko kuwa ba ta canza ba: "Ina motar?" Ni dai ban cika zuwa ba. Nakan gaishe ta daga bakin ƙofa in wuce, don bencin nan yana nan, kuma ba na iya kallonsa.

Ɗana Nasiru yana aiki a Kaduna, kusan duk ƙarshen mako yana kan hanya da iyalinsa. Bana ya sayi wata baƙar mota mai ƙarfin gaske, irin wadda ake jin gurnaninta kafin a gan ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata Asabar da yamma ya shigo gida yana dariya yana kuma ƙorafi. Ya ce ya ga wasu faffaɗan tayoyin gwanjo huɗu da za su yi wa motar kyau, ya kira Yaya Falmata ta duba masa, haka yake kiranta tun suna yara. Ta nuna masa shekarunsu a gefe, ta ce da kuɗin nan gara ya sayi sababbi biyu na ƙwarai masu riƙe jiƙaƙƙen titi, wata mai zuwa ya cika biyun. Ya yarda. Sai ta sa aka ɗaura su a baya. Da ya yi musu, ta ba shi wani labari.

"Wai wani aminin babanta ne," in ji Nasiru. "Alhaji ya ɗaura masa sababbi a baya, ya zagaya ya mayar da su gaba. Mota ta juya da shi a ruwa. Sai ya ruga ya mayar da su baya don kada a gane. Wai Alhaji na tsugunawa ya gane, don mai facin ya kai ta hagu dama, ta dama hagu, kibiyoyin duk suna kallon baya. Abba, ka ji wauta!" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ce shi bai yarda ba, tatsuniyar 'yan kasuwa ce, kowa ya san gaba ke da sitiyari. Gobe kafin su kama hanya zai tsaya wajen mai faci a mayar masa da su gaba.

Ina zaune a kan tabarma ina sauraronsa. Abu biyu suka faɗo mini lokaci guda. Na farko, ashe Bukar ya sani. Tun a ƙofar gidana, tun yana tsugune, ya sani. Mutumin da bai taɓa ɗaura taya a juye ba, yaya za a yi ya ga kibiya na kallon baya bai gane wani hannu ya taɓa ba? Abin da ya yi ke nan ranar da ya tura ni salla, ya gyara kibiyoyin ya ja bakinsa ya yi shiru. Na biyu, a tsakar gida jikata Ummi, 'yar shekara uku, tana bin kaza da gudu, ga gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari. Gobe ita za a zaunar a kujerar baya, a kan tsofaffin tayoyin da ubanta ke shirin mayarwa can.

Ba zan yi ƙarya ba, ko a lokacin sai da girman kai ya raya mini in tsawata masa kawai a matsayin uba, in ce na hana. Amma na san halin kayana. Zai ce to, ya fita ya yi abin da na yi. Sai na kira Ladi daga madafa, na ce ta zauna. Na ce, "Nasiru, wawan nan da kake wa dariya, shi ya haife ka." Na ba su labarin tun daga mai facin farko har zuwa na biyu, ban rage komai ba. Dariyarsa ta ɗauke. Ya dubi uwarsa, ya dubi hannunta, wanda har yau in hadari ya haɗo sai ta riƙe shi tana matsawa. Lokacin da abin ya faru yana makarantar kwana, abin da aka gaya masa kawai ruwa ne ya ja mota.

Na juya na dubi Ladi. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Can sai ta nisa ta ce, "Shekara goma sha biyu ina jin haushin ruwan sama, ashe mai laifin yana nan yana cin tuwona." Ta tashi ta koma madafa. Tuwon dai ya zo a kan lokacinsa, sai dai ranar ba a sa mini man shanu ba, ni kuma ban tambaya ba.

Washegari da hantsi suka shirya. Kafin su shiga mota na tattare rigata na tsuguna a baya, gwiwoyina na ƙara. Sababbin suna nan inda Falmata ta sa su, kibiyoyin na kallon gaba. Na shafa su da tafin hannu, ni da ban san abin da ake ji ba in an shafa. Nasiru ya kama hannuna ya tashe ni. Ruwa ya same su a hanya kamar da bakin ƙwarya. Da la'asar ya kira ya ce sun isa lafiya, ya rage gudu tun ɗigon farko, Ummi ma barcinta ta yi ta yi. Ban ce taya ce ta kai su ba, Allah ne ya kai su. Amma ai Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.

Ranar Litinin na je shagon, na wuce bakin ƙofa karon farko cikin shekara bakwai, na zauna a kan bencin. Falmata ta gaishe ni har ƙasa. Na ce mata ni ne mutumin labarin. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce ta daɗe da zargin haka, don in ina wurin Baba ba ya ba da shi, amma bai taɓa kama suna ba, ko a gida. Ta ce ba za ta iya tuna yawan mutanen da ya ba wa labarin ba, kuma ya fi duk wani bayani aiki, don wanda ya ƙi jin hujja yakan ji tsoron zama wawan labari. Na tambaye ta ko ya taɓa nuna ya ji haushi. Ta ce ita ma ta taɓa tambayarsa me ya sa bai yi wa mutumin magana ba. Ya ce mata, "Wanda ya tashi da sassafe ya mayar da taya inda na sa ta, ai ya riga ya ce na yi gaskiya. Me kuma zan ƙara masa, ban da kunya?"

Chidi ya leƙo ya same ni ina share ido da bakin riga, ya ce Hedimasta lafiya, na ce ƙurar taya ce. Ya ce haka ne, ƙurar shagon nan shi ma takan shiga masa ido in ya tuna Alhaji.

Me ya rage na Bukar bayan shekara bakwai? Bai bar bene ba, ba a sa wa wani titi sunansa ba. Tayoyin da ya sayar duk sun cinye, wasu sun zama takalma, wasu suna danne da kwanon rufi a saman gidaje. Abin da ya rage shi ne tambayar nan tasa a bakin 'yarsa, da direbobin da ke tsugunawa su karanta gefen taya, da wata yarinya mai suna Ummi da za ta dawo ranar Juma'a ta ci gaba da bin kazarta. Ya kuma bar mini darasin da ban koya a kwaleji ba, ban kuma koyar a aji ba: ashe mutum zai iya zama mai gaskiya, ya kuma bar wanda ya yi kuskure da mutuncinsa. Shekara biyar yana tsiyaya mini shayi yana kirana bawansa, ya san abin da na yi, bai taɓa bari na gani a fuskarsa ba.

Shi ya ɓoye sunana, ni kuma yau na fito da shi da hannuna. Na gaya wa Falmata daga yanzu in za ta ba da labarin ta ce Hedimasta ne na Fagge, yana nan da ransa, mai shakka ya zo ya tambaye shi. Kai kuma mai karatu, in ƙarfinka taya biyu ne, ka sa su a baya, kada ka tsaya wajen mai faci a hanyar gida. Allah ya jiƙan Bukar, ya haskaka makwancinsa, ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan. Babarbare, ka ci wannan wasan, bawanka ya sallama.